Iya Sikira Ta Ce Inna Ta Dawo

Fagge, daren Alhamis, watan Rajab, 1956

Yau aka yi sunan 'yata. Na sa mata Hauwa'u, sunan Inna mahaifiyata da ta rasu bara.

Da la'asar Iya Sikira, Bayarabiyar nan abokiyar cinikin Inna, ta zo barka daga Sabon Gari. Tana duba bayan kunnen jaririyar sai ta fashe da kuka. "Malam Sani, ga baƙin tabon nan! Wallahi Hauwa ce ta dawo."

Na ce, "Haba Iya, mamaci yana kabarinsa sai ranar tashin ƙiyama." Ta ce ita ma tana salla, ta san haka, amma ta san ƙawarta.

Ni ke da gaskiya, na sani. To me ya kai ni duba kunnen bayan ta tafi? Tabon yana nan, daidai inda na Inna yake. Ɗazu yarinyar ta yi kuka, na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri, Inna," har da rusunawa.

Gobe Juma'a zan je kabarinta yadda na saba. Yaya zan yi mata sallama a can, alhali zuciyata tana cewa na baro ta a ɗaki?