Maganar Isuhu Ta Tsinke

Zuwa ga Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Mu nan Suleja lafiya lau, sai dai ƙaninmu Isuhu.

Tun bayan girbi maganarsa ta tsinke. Ka tambaye shi doyar gonarmu ta Maje, sai ya ɗauko zancen Dutsen Zuma, bai ƙarasa ba ya koma na takalmi, har da kalmomin da ba Hausa ba, ba Gwaranci ba. Maƙwabta sun ce walittaka ce. Mata na kawo jarirai ya yi musu tofi, suna fassara duk abin da ya faɗa, Inna kuwa sai murna.

Jiya ina miƙa masa fura ya riƙe hannuna ya ce, "Asabe, tunanina zubewa yake, na kasa tarewa." Likitan da ya duba shi ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai magani a Kaduna.

Inna maganarka kaɗai take ji, don Allah ka rubuto mata ta yarda a kai shi Kaduna. Ka gai da mutan gida, ku sa Isuhu a addu'a. Kowa tubarraki yake nema wurinsa, shi kuwa taimako ya roƙa.

Ƙanwarka,
Asabe