Wadda Take Tsakiya

Wakamatsu, tsakiyar Afrilu

Zuwa ga ƙanena Tsutomu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Harumi da yara. Yaya gwiwar taka? Ina fatan ka daina hawa benen ofis da ƙafa don samari su ce har yanzu da sauranka. Mu nan lafiya, in dai wannan ita ake kira lafiya. Mama tana ci tana barci. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna firamare, shekaranjiya kuma ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki. Na ce mata e, ni ce, shekara goma sha ɗaya ke nan ina sabuwa.

Na ga saƙonka. Wato sai da ka ji a labarai za a rushe filin wasa na Hoshinoura sannan ka tuna kana da yaya a Kyushu. To, na gode wa masu rusau. Hotunan da kake nema suna nan, na ciro su daga gwangwanin biskit ɗin Baba. Duk sun yi ja-ja kamar an jiƙa su a shayi, amma ana gane komai.

Ga ƙofar nan mai taurari a samanta. Ga babban lilon da ke juyawa da mutane har sama, wanda ka ce kana hango Koriya daga kansa, ka yi ta rantsuwa har Baba ya ce ka rufe mana baki. Ga dawakan katako, ga kwale-kwale mai kan agwagwa, ga gidan fatalwa inda ka jiƙa wandonka ka ce ruwan rufi ne ya ɗigo maka. Akwai wani da muke zaune a ciyawa muna cin curin shinkafar da Mama ta ƙunso daga gida, bakinka ja wur da ƙanƙara mai zaƙi. Baba ba ya cikin ko ɗaya, ka san shi da kyamarar nan tasa, ko ministan ƙasa ba zai ba shi ya taɓa ba. Kullum mu uku ne: Mama, ni, kai.

Maganar gidan kula da tsofaffi kuma, e, sun bugo waya. Gado ya samu, sun ba ni zuwa ƙarshen Agusta in ce e ko a'a. Ka ce in yi yadda na ga dama, abin da kake cewa ke nan duk sanda ba ka son a ɗora maka kaya. To a'a zan ce musu.

Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Bayana ciwo yake yi daga ɗaga ta, rabona da in kwana a wani gari har na manta. Amma ka dubi hotunan nan da kyau in sun iso. Mama ba mai rungumar yaro ba ce, ba ta taɓa ce mini na yi kyau ba, kai ne kullum a bakinta. Amma duk shekara, a kowane hoto, ni ce a tsakiya, hannunta a kafaɗata ta riƙe ni gam. Tun ina yarinya nake cewa a raina, wannan matar tana sona, faɗa ne ba ta iya ba. Da wannan na bar aikin ɗakin karatu na dawo gida, da shi nake wanke ta kowace safiya. Wadda ta riƙe ni haka ba zan miƙa ta ga baƙi ba.

Zan turo hotunan in na gama jera su. Ka gaida Harumi, ka ce mata shayin da ta aiko ya iso.

Yayarka,
Sumie

Wakamatsu, ƙarshen Yuni

Tsutomu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan damina ba ta takura muku a Tokyo kamar yadda ta takura mana ba. Nan komai ya yi danshi, har takalmin Mama da ba ta sakawa ya yi fumfuna.

Ban turo hotunan ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Ka tuna Goggo Fusae, maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ka fasa wa gilashin taga da ƙwallo? Tana nan da ranta da bakinta. Ta shigo kawo mana kokwamba ta tarar na baje hotunan a tabarma, ta zauna tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dariya. Ta ce ita ma a bakin dawakan katakon nan mijinta ya fara yi mata magana, ya taka mata ƙafa sau biyu kafin ya iya faɗin sunansa. Can sai dariyar ta tsaya. Ta ce, “Ke Sumie, wa yake jera ku haka?” Na ce Mama mana. Ta ce, “Haba dai! Uwarku Tokiko da kanta? Ku uku, kuma ba ko 'yar tsana a hannu?”

Na ce tsanar me? Ta kalle ni kamar yau na zo duniya. Ta ce ai a zamaninsu ko yaron goye ya san ba a ɗaukar hoton mutum uku, na tsakiya ne yake riga sauran mutuwa. In ya zama dole, sai a riƙe 'yar tsana ta zama ta huɗu, ko a jawo wani ɗan hanya ya tsaya a gefe. Sai ta ga fuskata, ta fara kame-kame, “Ke rabu da ni, surutun tsufa ne, ga ki nan ƙatuwa lafiya lau.” Ta tashi ta tafi, har kwandonta ta manta.

Na taɓa jin maganar nan, Tsutomu, kamar yadda kowa ya taɓa ji. Ban dai taɓa haɗa ta da mu ba. Da wata uwa ce sai in ce ba ta damu da camfi ba. Amma Mama fa? Matar da take sa mu ɓoye babban yatsa in motar gawa za ta wuce. Matar da ta ƙi gidan da kamfanin ƙarfe ya ba Baba saboda lambar ƙofar huɗu ce, wai lambar mutuwa, muka ƙara shekara biyu a ɗaki ɗaya. Wadda ta tashe ka daga barci ta juya maka shimfiɗa don kanka ya kalli arewa. Ita ce ba ta san na mutum uku ba?

Na sake bin hotunan tun daga farko. Akwai na shekarar da ka shiga aji uku, wanda ya fito dishi-dishi a gaban jirgin nan mai hawa da gangara. Ka tuna ranar? Ka kutsa tsakiya kana cewa yau kai ne sarki, Mama ta fizgo ka ta kwaɗa maka marin da har mai sayar da balan-balan ya juyo. Shi ne mari ɗaya tak da ta taɓa yi maka, har yau kana ba da labarinsa a wurin shan giya. Ni kuwa, ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka wurina take kare mini. Ranar har tsalle nake yi a hanyar tashar jirgi, na ba ka rabin alewata don tausayi. Wawuya!

Kuma filin nan ko'ina 'yan tsana ne, a kowace kwana ana rataye da su. Na taɓa roƙon ta ta saya mini zomon nan mai jar hula, ta ce tarkace ne.

Na kai mata hoton, na ce, “Mama, wace ce wannan ta tsakiya?” Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kanka ta ce, “Tsutomu, bai sa hula ba, rana za ta buge shi.” Na sake nuna mata ni. Ta ce a kawo mata shayi.

Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Ban ba masu gidan nan amsa ba tukuna. In kana da wata fassara ka ba ni, ina nema ido rufe.

Yayarka,
Sumie

Wakamatsu, bayan Obon, bikin ziyarar kaburbura

Zuwa ga Tsutomu,

Ina gaishe ku, da fatan kun sauka lafiya, kuma jirgin bai cika yadda Harumi take tsoro ba. Na gode da zuwan. Kabarin Baba ya yi fes, rabon da ya ga hannunka an daɗe.

Ka tafi ba mu yi magana ba. A mota ka kunna rediyo, a gida ka ce kanka na ciwo, da safe kuma sai sauri. Shi ya sa na ɗauki biro.

Fassarar da ka ba ni a waya, na so ta ƙwarai. Ka ce tsawo ne kawai, Mama ta fi ni, na fi ka, sai aka jera mu kamar matakala. Na yi sati ina lallaɓa maganar nan, duk da na ga hotunan da ka kere ni da kai guda kuma ina nan a tsakiya. Ka ce ina zama ni kaɗai da yawa shi ya sa nake saƙe-saƙe. Wannan gaskiya ne, sai dai ban ji ka tambayi dalilin zaman ba.

Shawararka ce mu kai Mama ta ga Hoshinoura kafin a gama da shi. Ka ga abin da ya rage: ciyawa ta fi mutum, taurarin ƙofa sun zube sai biyu, lilon ya yi tsatsa an cire masa kujeru. Mama ba ta gane wurin ba, ta tambaya ko asibiti ne. Kai kuma ka miƙa wa Harumi waya ta ɗauke mu hoto, kana kashe mini ido, ka ce, “Yaya, zo ki ga yadda ake kashe camfi.” Ka tura Mama dama a keken guragunta, ka sa ni hagu, ka durƙusa a tsakiya kana washe baki.

Matar da ba ta san shekarar da muke ciki ba, wadda cokali yake gagararta. Na ga idonta ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ƙirga mu take yi. Sai ihun nan, ka ji shi ai, har mai gadin wurin ya fito daga rumfarsa. Ta damƙi rigarka tana ja da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana cewa, “Ba shi ba! Ba shi ba!”

Ka miƙe ka ce za ka je ka kunna sanyin mota. Nan ka tsaya da ji, to ga sauran. Ta yi ta waige-waige tana haki, ta kama hannun Harumi ta ce, “Baiwar Allah, ina yarinyar? Kira mini yarinyar ta tsaya nan.” Ko sunana ba ta kama ba. Harumi ta ce, “Mama, a bar hoton nan, mu tafi gida.” Ta ce, “A'a, babansu zai yi fushi, ya sayi fim. A sa yarinyar, ba komai.”

Ba komai. Ina tsaye a gabanta riƙe da lemarta da ruwanta da zanen canji.

Na matso don in gyara mata bargo, ta ɗago hannu ta ɗora a kafaɗata ta riƙe gam, yadda na ba ka labari a wasiƙar farko. Numfashinta ya kwanta nan take. Shekara hamsin da wani abu ina jin riƙon nan a jikina, sai ranar na san na mene ne. Harumi ta juya baya tana kuka. Ni ban yi ba, har yanzu ban yi ba.

Na buga wa gidan kula da tsofaffin waya na ce e. Ranar ɗaya ga wata za su karɓe ta. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da fara'a, za su kula da ita yadda ya kamata. Na ba su lambarka a matsayin wanda za a fara kira, ai kai ne ɗanta. Zan riƙa leƙa ta, ban ce kullum ba. Kayanta na ninke su, magungunanta na rubuta musu yadda take sha. Hotunan suna hanya, gwangwanin gaba ɗaya, ban cire ko guda ba.

Na san abin da za ka ce, don ka fara faɗa a bakin ƙofa kana ɗaure takalmi. Wai ai camfi ne, ƙarya ne, ga ni na haura sittin ko mura ba ta cika kama ni ba. Haka ne, Tsutomu, ƙarya ne. Ni na sani, kai ka sani. Amma ita ta yarda gaskiya ne, kuma duk shekara sai ta kama kafaɗata ta tsayar da ni a wurin.

Ka gaida yara. Ka ce wa Harumi na gode, ita kaɗai ce ta kalle ni ranar.

Sumie