Wushiryar Ummi

Daren Asabar, Bekaji.

Haƙorana sai zugi suke tun shekaranjiya da likita ya ƙara ɗaure wayar nan ta gyaran haƙori. Ko burodi sai na jiƙa a shayi. Duk da haka na hau keke na je unguwar Makama gaida kakata Dada.

Ta dama min kunun gyaɗa, ta zauna tana cire wa kifin tafkin Njuwa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, wai kada ta maƙale a "shingen bakin nan". Na tuntsire da dariya. Sai ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske.

"Amina, ina wushiryarki za ta?"

Na ce ai aikin wayar ke nan, ta kusa rufewa.

Ta saki haɓata. Can ta ce, "Ta marigayiya uwarki ce fa. Hotunanta duk a Mubi muka baro su lokacin gudun hijira. In kewarta ta dame ni, sai in tsokane ki, ki yi dariya in gan ta."

Shekara nawa ina jin haushin tsokanar tsohuwar nan, ashe Ummi take nema a bakina!

Yanzu na gama sakace wayar da ƙaramin buroshi, na tsaya gaban madubi. Saura 'yar kafa, tsinke ma da ƙyar zai shiga. Litinin zan koma wurin likita. Ya jera sauran haƙoran yadda ya ga dama, amma wannan tagar ta Dada ce, a bar mata ita a buɗe.