Ranar da Na Buɗe Tafin Hannuna

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga jihar Kogi. Yaya garinmu Kucheri, yaya ƙafar Baba?

Albishirinki! Wata mai bincike ta zo gonar raken nan da ake yin man mota da shi, tana tambayar yadda mu ma'aikata muke ji. 'Yan Zamfara kowa sai "Alhamdulillahi, lafiya lau." Har ta juya za ta tafi, na buɗe mata tafin hannuna, duk yankan ganyen rake. Sai kowa ya buɗe nasa. Inna, jiya aka raba mana safar hannu!

Kada ki damu, hannun yana warkewa. A aiko min da man kaɗanya, a sa min albarka.

Ki gaya wa Baba kunyar da ya koya min tana nan. Ranar kaɗai na ajiye ta.

Ɗanki,
Ɗantsoho