Man Zaitun a Romon Sinyora Dirce

Bologna, Satumba 1976

Zuwa ga Yaya Addolorata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Cosima. Yaya ciwon gwiwa? Na sauka lafiya. Na kama ɗaki a wani masauki bayan tashar jirgi. Gadon yana kuka in na juya, amma zanin gado fes, mai gidan kuma ba ta yi mini kallon banza ba.

Yaya, garin nan bai tsufa ba, ni ne na tsufa. Yadda na bar shi lokacin da na yi aikin soja, haka na same shi. Jiya an wuni ana ruwa, ni kuma na wuni ina yawo a ƙarƙashin rumfunan nan nasu na dutse, na dawo da hulata a bushe. Mutanen da suka zauna suka yi wa hanyoyin gari guda rufi don kada mai tafiya ya jiƙe, ko ba ka son su dole ka sara musu.

Sai dai maganar ɗakin Cosima har yanzu shiru. Ɗalibai sun cika gari. Inda na ga takardar haya in ƙwanƙwasa, da na buɗe baki suka ji harshenmu na kudu sai a ce ai yanzun nan aka ba wani. Wata ma ta taga ta sallame ni. Inda aka yarda kuwa, ɗaki ne da ko akuya ba zan ɗaure ba. Ban manta sharaɗinki ba: in babu gidan mutunci, babu karatun likita. Shi ke hana ni sukuni.

Guzurinki ya ƙare, yunwa ta kai ni wani ɗan gidan abinci a lungun bayan kasuwar kifi. Mai shi wata mata ce, Sinyora Dirce, gajeruwa, damtse kamar na mai gasa burodi. Mijinta Amedeo ke kai kwanuka, shi ne bakin gidan. Da idona na ga ta murza kwaɓin taliya da sanda, ta ɗaga shi wajen ƙofa, ina hango masu wucewa ta cikinsa. Kada ki yi fushi, na ci har santi ya sa na ba Amedeo labarin soja kaf.

Shi ya raɗa mini cewa suna da ɗaki a sama, ɗalibar da ke ciki ta gama ta tafi.

Na ce, "To me ake jira?"

Ya ce, "Sannu sarkin gaggawa. Matata ba ta liƙa takarda. Sai ta ga yadda mutum ke cin abinci tukuna. Wani lauya ya zo nema wa ɗansa, ya bar rabin kwano yana karatun jarida. Ko matakala bai gani ba."

Don haka kullum da rana can nake, ina suɗe kwano da burodi, ita kuma tana leƙe ta tagar kicin. Ki gaya wa Cosima ta kwantar da hankalinta. Ki gaida maƙwabta.

Ƙaninki,
Oronzo

Daga gida, ƙasar Lecce

Oronzo,

Na gaishe ka. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba, ba kamar wasu ba.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta, na sake karantawa ina neman ɗaki, sai taliya na yi ta gani. Ashe cin abinci muka tura ka? Namiji da furfura a ka yana suɗe kwano don wata ta yaba masa! Ni da na yi shekara da shekaru ina ciyar da kai, ban taɓa jin ka rubuta wa kowa kirarin girkina ba.

Mutanen da ke dafa komai da man shanu kake yabo. Ciki ya saba da man zaitun tun yaye, sai a wayi gari a ɗura masa kitse? Na sa maka kwalbar manmu a ƙasan akwati, cikin safa. Da alama ko duba ƙasan ba ka yi ba. Ka riƙa zubawa a abincinka kafin ka dawo mini da ciwon ciki.

Cosima ba ta cewa komai, ka san halinta. Ta goge rigunanta ta jera a akwati, gobe ta fito da su ta sake gogewa. Mai kawo wasiƙu ya gaji da ganinta a bakin ƙofa. Ni dai maganata ɗaya ce. Tun ran da uwarta ta rasu yarinyar nan take hannuna, ba zan miƙa ta ga wadda ban san ko wace ce ba don kawai ta iya murza kwaɓi. In aka buɗe jami'a ba ka samo abin kirki ba, ga makarantar horon malamai nan a Lecce, ta je da safe ta dawo gida ta ci abinci. Ta yi kukanta ta gaji.

Ka rufe ƙirjinka, garin da ake wuni ana ruwa ba abin yabo ba ne. Allah ya tsare.

Yayarka,
Addolorata

Bologna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta. Na ɓata komai da hannuna.

Ran Lahadi, da masu cin abinci suka watse, Sinyora Dirce ta fito tana goge hannu, ta ce in biyo ta. Ta kai ni sama. Yaya, in kin ga ɗakin! Tebur na karatu a jikin taga, jajayen rufin gari shimfiɗe a gabanka, ƙamshin burodi na hawowa ta matakala. Makulli ɗaya ne na ƙofar waje, kuma a wuyanta yake. Na tsaya ina ganin Cosima zaune a kujerar nan, sai da na juya baya na share ido.

Ta ce in sauko mu ci na gida, ni da ita da Amedeo. Ta kawo tortellini, 'yan ƙullin taliyar nan masu nama a ciki, suna iyo a romon zakara. Romon garau, kana ganin gindin kwano.

Kwalbarki na aljihun kwat ɗina. Kin san yadda muke yi: wanda ka ɗauka da girma, kai da kanka za ka tsiyaya masa man gonarka a kwano. Farin ciki ya rufe mini ido. Na miƙe, na zuba a nata, na zuba a nawa, ban yi rowa ba.

Amedeo ya ajiye cokali ya ce, "Wayyo soja, ka harbi kanka."

Ita kuwa ta zuba wa man ido yana yawo kore shar a saman romo. Can ta ce, "Ka ɗanɗana?"

Na ce, "Tukuna, Sinyora."

"To me ka ji ya rasa?"

"Bai rasa komai ba. Girmamawa ce, a wajenmu..."

"A wajenku. Tun asuba nake tsaye a kan tukunyar nan ina kwashe maiƙo cokali-cokali don ya fito haka. Kai kuma ka taso tun daga ƙarshen ƙasa ka mayar mini da shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amedeo ya so ya gyara, ya ce ai mutanen kudu ko a ruwan wanka suna zubawa. Kallo ɗaya ta yi masa ya kama bakinsa. Ta kwashe kwanukan biyu ta shige kicin. Na ɗauki hulata zan tafi, sai ga ta da sabon kwano ta dire a gabana.

Ta ce, "Zauna. Ba a fita gidana da yunwa. Ci, ka ji abin da ka ɓata."

Ta tsaya a kaina har na shanye. Yaya, tun da nake ban taɓa shan romo irin wannan ba. A bakin ƙofa Amedeo ya dafa kafaɗata ya ce in manta da maganar ɗaki, matarsa in ta rufe magana ta rufu.

Na sake zaga gari, babu komai. Zan tattara in dawo. Ki bari ni zan gaya wa Cosima da bakina. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Oronzo

Daga gida

Oronzo,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Na ce ka zuba a abincinka, ban ce a kwanon matar mutane ba! Da ni ka yi wa haka, da ludayi za ka sha. Kada ka kuskura ka hau jirgi. Ka aske gemu, ka kai mata takardar da ke cikin ambulan ɗin nan, ka miƙa, ka yi shiru.

Addolorata

Zuwa ga Sinyora Dirce,

Ina gaishe ki da girmamawa, ke da maigidanki, da fatan kuna lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce yayar mutumin da ya ɓata miki romo, gwaggon yarinyar da ake nema wa ɗaki.

Ba zan kare shi ba. Wanda ya ƙara wa abinci wani abu bai ɗanɗana ba ya yi laifi a kowane gari. Abu ɗaya kawai nake so ki sani. Man nan daga itatuwan mahaifinmu yake, kuma a nan ba a tsiyaya wa kowa shi da hannu sai wanda aka ɗauka na gida. Ko limamin cocinmu bai taɓa zuba wa ba. Wauta ya yi, ba raini ba.

Gaskiyar magana, ni addu'a nake kada a samu ɗakin. Ba ɓarayi nake tsoro ba, ba samari ba, Cosima ta fi ƙarfinsu. Yarinya ce da in ta buɗe littafi take manta tana da ciki. In ranta ya ɓaci ba ta faɗa, sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Tsorona ta zauna a wani ɗaki da busasshen burodi tana ramewa, babu mai lura.

Sai ƙanina ya rubuto abin da kika yi. Mace ta tsaya tun asuba tana kwashe maiƙo, aka ɓata mata aiki, ta yi fushin da ya dace, kuma cikin fushin ta kawo wani kwano ta tsaya sai da aka shanye. Na ajiye wasiƙar na ce to, ga wadda zan iya bar wa 'yata. Ban taɓa faɗin haka a kan kowa ba, har uban da ya haife ta.

Ina roƙon ki ɗakin. In gwaji kike so, zan sako ta a jirgi ki ga cin abincinta da idonki. Ba ta gaji hannun ubanta ba.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka.

Mai girmama ki,
Addolorata

Bologna

Sinyora Addolorata,

Na amsa gaisuwarki. Ƙaninki ya kawo takardar da hula a hannu kamar mai zuwa ta'aziyya, ya bar kwalbar man a kan tebur. Bayan ya fita na dangwala da burodi. Mai ne na gaske. Ba dai a romona ba.

Ɗakin na yarinyar ne, ba sai na gwada ta ba. Wadda kika ciyar ta san darajar kwano. Amedeo na can yana shafa fenti yana waƙa, duk ya ishi unguwa.

Sai abu ɗaya. Ki rubuto mini abin da kike dafa mata ran da ta ce ta ƙoshi, dalla-dalla, yadda kike yi. Ban iya abincin kudu ba, kuma tun rasuwar mahaifiyata ban nemi wata ta koya mini girki ba. Yadda kika ce, haka zan yi.

Ki huta lafiya.

Dirce