Gadar da Ke Kawo Glenys Gida

Wodonga, 9 ga Yuni

'Yata Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ni dai da sauƙi, sai gwiwa.

Na gyara miki ɗakinki. Ranar Talata zan ƙetare gada tare da ke zuwa asibitin Albury a maƙwabciyar jiha kamar kowane wata, tunda likitocin jiharmu, har da na Melbourne, har yanzu doka ta hana su yi wa mace marar miji maganin samun ciki. Kada ki ce idona ya mutu, motar ta san hanya. Kwana biyun nan da kike yi ne kawai nake dafa abinci a tukunya. Sauran kwanakin gwangwani nake buɗewa.

Mahaifinki,
Lionel

Melbourne, 2 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Kotun tarayya ta ce dokar jiha ta saɓa wa ta ƙasa, ba a hana mace magani don ba ta da aure. Likita a nan zai karɓe ni. Shekarata talatin da tara, Baba, ba ni da watannin zubarwa a hanya.

Amma an aiko mini da jaridar garinku. Wani "Tsohon Malami" ya rubuta cewa jiha ta tsaya a kan dokarta, kada ta bari a rusa ta. Tsofaffin malamai nawa ne a Wodonga masu lissafa hujja da "na ɗaya, na biyu"? Kai da ka riƙe mini jaka a ɗakin jira sau tara! Me na yi maka?

Glenys

Wodonga, 8 ga Agusta

'Yata,

Bayan gaisuwa, ni ne na rubuta, ba zan musa ba.

Ban yarda da ko layi ɗaya a cikinta ba. A cikin shekara shida bayan rasuwar mahaifiyarki, sau huɗu kika zo gidan nan. Da doka ta kore ki daga Melbourne, sai ga ki kowane wata, kina faɗa a kan shayina ya yi sanyi. Na ji tsoron idan dokar ta faɗi, gadar ta gama aikinta, ni ma haka. Na ɗauki alƙalami na roƙi a ci gaba da wahalar da ke don in riƙa jin motsi a ɗaki na biyu.

Na aika wa jaridar wata wasiƙar da cikakken sunana. Ba su buga ba tukuna. Ki je wurin likitanki. Ki yafe mini in kin iya.

Mahaifinki,
Lionel

Melbourne, 21 ga Agusta

Baba,

Asibitin nan sun ba ni ranar biyar ga watan gobe, ƙarfe goma. Ban huce ba tukuna.

Jirgin ƙasa na tasowa daga wurinku da sassafe. Ka bar motar nan a gida, don Allah. Ba ni da mai riƙe mini jaka.

Glenys