An Yi wa Agogon Kaka Aure

Montevideo, 9 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Baffana Tabaré,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Sydney, kai da Inna Gladys da yara. Allah ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar nan. Mu ma muna lafiya, sai sanyi da ya shigo da wuri bana. Yaya Nélida ta yi nauyi, ana sa ran ta sauka a watan Agusta, mijinta kuwa ya fi ta rawar jiki. Gwaggo Amelia tana nan da tarinta da bakinta. Ni kuma ina nan a teburina na ƙwai da cuku a kasuwar Lahadi ta Tristán Narvaja. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya, kuma ba don abu ya kai mini wuya ba da ban ɗauki biro ba.

Ran Lahadin ƙarshen Mayu da sassafe, ina jera ƙwai, sai na ga Don Ulises mai tsofaffin agogunan aljihu, wanda teburinsa ke kallon nawa shekara shida, yana saita kayansa da ƙararrawar cocin unguwar Cordón kamar kullum. Ya fito da wasu guda biyu da ban taɓa gani a teburinsa ba. Na farko mai kwanson azurfa da ya sha hannu, ya ja ɗan maɓallin da ke kan agogon sama ya murza, ya daidaita shi nan take. Na biyu kwansonsa sabo fil, yana ƙyalli kamar gwangwanin kifi, amma sai da ya kwance gilashin, ya sa farce ya zaro wani ɗan ƙarfe siriri a gefen fuska, sannan hannuwan suka yarda suka motsa. Nan na tuna da kai, Baffa, lokacin da nake ɗan shekara goma, kana ba ni labarin yadda Kaka Eusebio ke saita agogonsa na tuƙin jirgin ƙasa da farcen babban yatsa, domin an yi irinsu ne yadda ba za su goce a aljihu su jawo karo ba.

Wajen ƙarfe goma Baba ya iso zagayensa. Ka san ƙaninka, shekara talatin yana bin tebura yana neman agogon mahaifinku da kakarmu ta sayar bayan rasuwarsa, har ya tara goma sha biyu a aljihun tebur yana murza su yana yi musu wani kowace safiya. Ya ɗauki mai azurfar ya juya bayansa. Ga alamar haƙora biyu da ya taɓa yi masa yana ƙarami, ga E.L., harufan sunan Kaka, a rubuce daga ciki. Ya zauna a kan akwatin ƙwaina. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa. Kwanson na Kaka ne, wannan babu gardama.

Amma da na karɓa na kawo shi kusa da ido, sai ga 'yar tsagar da aka yi wa ƙarfen saiti a gefe, wayam, babu komai a cikinta. Kwanso daban, inji daban. Ka san abin da masu sana'ar ke ce wa irin wannan: an yi masa aure. Kuma zargina shi ne Don Ulises ya raba agogo ɗaya biyu don ya sayar sau biyu, jikin Kaka a hannun dama, zuciyarsa cikin gwangwanin can a hannun hagu.

Na yi haƙuri har muka koma gida, na bari ya ci abinci, sannan na faɗa masa cikin ladabi. Ya dube ni ya ce ni da ko budurwa ban ajiye ba, ni ne zan gane agogo mai aure? Gwaggo Amelia ta ji rabin maganar daga kicin, ta fito tana tambaya wa ya yi aure ba a gayyace ta ba. Da aka yi mata bayani ta ce to ai gara agogon, ya fi ni zuciya. Aka yi ta dariya, maganata ta bi iska. Na sake tayar da ita ran Laraba, Baba ya ce in tsaya a kan ƙwai, in zai sayi kaza zai neme ni. Abin da babba ya hango, in ji shi, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni kuwa ban hau komai ba, tsallaka titi kawai na yi na duba.

Shekaranjiya Lahadi suka ƙulla magana. Don Ulises ya ce kuɗi ba ya sayen irin wannan, sai dai musaya, kuma ya zaɓi uku daga cikin na Baba. Biyu ban damu da su ba. Na ukun shi ne mai murfin zinariya da fure, wanda marigayiya Mama ta yi shekara biyu tana ɗinki kafin ta ba shi ranar aurensu, wanda ta ce a gaban kowa a asibiti a ajiye wa ɗan farin Nélida. Baba ya amince. Na yi wa Don Ulises maganar tsagar a fili, ya yi murmushi ya ce a teburinsa babu mai aure babu bazawari, duk 'yan gidan mutunci ne, sannan ya tambayi Baba ko yanzu masu cuku ne ke yi masa ciniki. Baba ya ji kunya, kuma ni ya ji wa, ba Don Ulises ba.

A hanya ya faɗi abin da ya hana ni barci. Ya ce: "Heber, ni ban taɓa ganin cikinsa ba. Ina da shekara shida. Abin da na sani shi ne sanyin azurfar nan a bakina, mahaifina yana riƙe da ni a cinya." Ban ce kada ya so kwanson ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ya ba da amanar Mama a kan rabin agogo, ɗaya rabin kuma wani baƙo ya saye shi ya tafi da shi har abada. Kama da wane ba ta wane.

Ga abin da nake roƙo. Na roƙi Cholo mai tsuntsaye ya je kamar mai saye, ya sa aka buɗe bayan gwangwanin, na leƙa ta kafaɗarsa na haddace lambar injin, na rubuta a takardar naɗe cuku: 2417908. Katin duba agogo na Kaka, mai ɗauke da lambar injinsa, yana wurinka, na tuna shi a walat ɗinka tare da hotonsa. Don Allah ka gwada lambobin. Don Ulises ya tafi ƙauyukan Tacuarembó sayen kaya, sai Lahadin ƙarshen wata zai dawo a yi musayar. Amsarka ta wasiƙa ba za ta iso kafin nan ba, ka bugo waya kantin Don Ramiro, zai kira Baba. In lambar ta yi daidai, ka faɗa masa da bakinka, kai ne babba, kai kaɗai ka ga farcen Kaka a kan ƙarfen nan, sai mu nemi a haɗa jiki da zuciya a ba mu a kan sauran agoguna biyun da Don Ulises ya zaɓa. In kuma ba ta yi ba, ka faɗa mini, zan durƙusa in ba shi haƙuri.

Saura abu ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Jiya na ɗauke agogon Mama na kai wa Yaya Nélida, yana cikin gwangwanin ganyen shayin mate a kicin ɗinta. Ban taɓa ɗaukar ko allurar Baba ba sai jiya. Yau da safe ya buɗe aljihun tebur, ya yi wa goma sha ɗaya wani, ya rufe, bai tambayi kowa ba. Ya zauna ya haɗa mate a ƙoƙo ɗayan da muke zagayawa da shi kullum, ya miƙa wa Gwaggo, ya miƙa wa mijin Nélida, da zagaye ya zo kaina sai ya cika ƙoƙon ya shanye da kansa. Sau huɗu yana zagayowa yana tsallake ni. Na zauna har ruwan flas ya ƙare. Zan iya jure wannan har ƙarshen wata, amma agogon ba zai koma ba sai ka bugo.

Ka gaishe mini da Inna Gladys, da Mirta da mijinta, da Nelson sarkin ƙwallo. Gwaggo Amelia ta ce ka aiko mata da maganin tari irin na bara. In kana shakkar idona, ba ni kaɗai na gani ba: Cholo ya ga lambar, Doña Blanca mai tuya tana tsaye da matsaminta lokacin da aka zaro ƙarfen nan da farce, Gwaggo kuwa ta ga ƙoƙon mate ya wuce ni, kuma karon farko a rayuwarta ba ta ce uffan ba.

Ɗanka mai jiran wayarka,
Heber Larrosa